Gwangwanin Kifin da Iya Ta Ɗaure

Hillat Audi, kusa da Kamlin,
12 ga Rajab, 1443.

Zuwa ga yayana Osman, a Rusairis.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, Yaya, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Sabah da yara da duk mutanen da kuke zaune tare a bakin ruwa. Allah Ya tsare ka a cikin jirgi da wajensa, Ya sa albarka a komarka, Ya raba ka da sharrin ruwa da na iska, amin. Ƙanwarka ce Muhsina. Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Mahadi direba alhali ga waya a aljihun kowa. To, laifinka ne. Wayarka ba ta wuce minti biyu. Lafiya, lafiya, ya yara, ya Iya, sai ka ce ƙarar injin jirgi ta hana ka ji, ka kashe. Maganar da ke bakina ba ta minti biyu ba ce, kuma ba na son a katse ni. Don Allah ka samu inuwa ka zauna, ka karanta ta har ƙarshe kafin ka yanke komai.

Mu nan gida lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Sanyin bana ya yi ƙarfi, har tsofaffi suna cewa sun daɗe ba su ga irinsa ba. An cire gyaɗa tuni, dawa ta shiga buhu, ba ta kai ta bara ba domin ruwan tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinmu, ya yi mana jinkiri a daidai lokacin da take bukatarsa, amma mun gode Allah. Autanmu Salihu yana nan kan hawashar Baba, gonar nan da ya bari, daga asuba sai la'asar ake ganinsa, ya yi baƙi ƙirin ya kuma fara furfura a gemu, abin dariya, wai Salihun da muke goyo. Matarsa Samira ta sauka lafiya watan jiya, an samu namiji, an raɗa masa Zaharaddini. Hancinsa naka ne sak, kowa ya gani sai ya faɗa. Maigidana Bilyamin yana fama da albasarsa, yana gaishe ka. Ita kuwa darbejiyar da ka dasa a ƙofar gida, wadda Baba ya ce ba za ta yi ba, yanzu inuwarta ta kai har bakin ɗakin Iya, a nan muke tsinke kuɓewa da hantsi.

Shekara shida ke nan cif rabonmu da kai, tun sadakar arba'in ɗin Baba. Ban san ko kana ƙirgawa ba, ni dai ina ƙirgawa. Ayman ka tafi da shi yana tatata, yanzu an ce yana zuwa makaranta. Hanaa kuwa ba wanda ya taɓa ganinta a cikinmu sai a hoto, hoton ma guda ɗaya, tana kuka. Ina kewarka, Yaya, kewa mai yawa, kuma ban ga abin kunya a faɗa ba. Sau da yawa idan na fita ɗebo ruwa na hango wani dogo yana tahowa ta kan gaɓar tur'a da jaka a kafaɗa, sai in tsaya da bokiti a kai har ya matso in ga ba kai ba ne. Na yi haka har matan unguwa sun gane, suna yi mini tsiya. Idan ni da nake da miji da 'ya'ya da aikin da ya sha mini kai nake jin haka, sai ka auna wadda ta haife ka, wadda ba ta da aikin yi yanzu sai zama da tunani.

Maganar Iya ce ta sa na ɗauki biro. Ka san shekara tara ke nan tana fama da ciwon suga, kuma tana shan maganinta ba fashi. Abin da ban gaya maka dalla-dalla ba shi ne abin da ya faru a daminar da ta wuce. Ta fara ciwon kai ta ƙeya, ƙafafunta suka kumbura har silifa ya daina shiga. Muka kai ta asibiti a Kamlin, muka samu wata likita mai suna Dakta Sara, mace mai haƙuri da sauraro. Ta auna jininta ta ga ya haura ɗari da saba'in. Aka gwada fitsari, ta ce ƙodar Iya ta fara yoyon abin da bai kamata ya fita ba, kuma suga da hawan jini idan suka haɗu ƙoda suke fara ci. Ta ba ta ƙwaya guda kowace safiya, ta ce wannan ƙwayar tana sauke jini tana kuma kare ƙoda. Sannan ta ja mini kunne a kan gishiri. Ta ce duk abin da Iya za ta ci daga safe zuwa dare, gishirin cikinsa gaba ɗaya kada ya kai cikin ƙaramin cokalin shayi. Ta ce gishiri yana riƙe ruwa a jiki, idan ya yi yawa ƙwayar rabin aikinta kawai take yi. Kai mai jirgi ne, za ka fi ni ganewa: kamar mutum ne yana kwarfe ruwa daga jirgi bai toshe ɓular ba. Na ce mata na ji, na kuma ɗauka har ga Allah na gane.

Da muka dawo na ɗauke kwalbar gishiri daga madafa. Da farko na so in riƙa yi wa Iya tukunyarta daban, amma ranar da na ajiye mata kwano ita kaɗai a gefe, mu kuma muka kewaye babban farantin siniya kamar kullum, sai ta ture shi. Ta ce ita ba cuta mai yaɗuwa gare ta ba da za a ware mata kwano, tun da aka kawo ta gidan nan amarya ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. Gaskiyarta. Sai muka haɗa shawara da Samira muka ce kowa ya shiga, tukunya ɗaya, babu gishiri. Yara suka yi ta ɓata rai. Salihu bai ce komai ba a gaban Iya, amma bayan kwana uku Samira za ta wanke masa riga ta tsinci kwalin ashana a aljihu cike da gishiri. Ashe idan an kai wa maza nasu abincin waje sai ya juya baya ya barbaɗa. Mun yi dariya ranar har Iya ta share hawaye.

Dariyar ba ta daɗe ba. Iya ta kasa cin miyar. Ta yagi gurasar kisra ta dangwala sau biyu sau uku ta wanke hannu, ta ce ta ƙoshi. Ta fara ramewa, kuma ka san mai shan maganin suga idan bai ci abinci ba wata matsalar ce, sau biyu jiki yana ɗaukar mata rawa sai mun jiƙa mata dabino. Hankalina ya tashi. Ana cikin haka sai ga Mahadi ya tsaya a bakin titi da saƙonka kamar yadda ka saba duk bayan wata biyu, gwangwanin kifin fasik. Ina buɗe murfin dabara ta faɗo mini. Na ce ai ga mafita. Likita gishiri ta hana, wannan kuwa kifi ne, kifin ma na gida, ɗanta ya aiko. Na gutsuri rabin guda na saka a miyar kuɓewa, na ƙara kanwa don ta yi yauƙi sosai, na jefa dunƙule biyu maimakon ɗaya tunda babu gishiri. Yaya, ranar Iya ta cinye kisra uku ta suɗe hannu. Daga nan kullum sai na saka. Ba miyar da na ɗora a wata huɗun nan da ba kifinka a ciki. Har fariya nake yi wa maƙwabta, ina koya musu yadda ake miya mai daɗi ba gishiri. Ka tuna ranar da na kira ka na ce ka ƙaro? Ka aiko gwangwani biyu, ka ji daɗi, ni ma na ji daɗi.

Duk ƙarshen wata muna komawa awo, jini kuwa ya ƙi sauka. Kumburin ƙafa yana nan. Dakta Sara ta tambaye ni ko Iya tana shan ƙwayarta, na ce da hannuna nake ba ta. Ta tambayi gishiri, na rantse mata ko ƙwaya ɗaya ba ya shiga tukunyarmu, kuma a sanina ban yi ƙarya ba. Sai ta ƙara mata ƙwaya ta biyu. Wata na gaba ma jinin bai sauka ba. A zuwanmu na huɗu da ta ga gwajin fitsari ya fi na baya muni, sai ta ajiye biro ta juyo da kujerarta ta fuskance ni. Ta ce in dafa mata miyar jiya da baki, tun daga zuba mai, kada in tsallake komai. Na fara, ina jin kaina gwana. Da na zo kan kanwa ta ɗaga gira. Da na zo kan dunƙule biyu ta girgiza kai. Da na ce fasik sai ta dafe goshi. Ba ta yi mini faɗa ba, tambayata kawai ta yi yadda ake yin fasik. Na ce ai sana'ar gidanmu ce, tun ina yarinya nake ganin Baba da kai kuna yi kafin ya bar kamun kifi ya kama hawasha: a shimfiɗa tabarma, a jera kifi, a lulluɓe da gishiri, a sake jera kifi, a sake lulluɓewa, a bar shi kwanaki, sannan a danna a gwangwani a ƙara wani gishirin a kai. Ban kai ƙarshe ba na ji abin da bakina yake faɗa. Wallahi Yaya, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Ta ce ma'alesh, ba komai, kada in zargi kaina, ba ni ce ta farko ba, mutane da yawa farin gishirin da suke gani da ido kawai suke ɗauka gishiri. Ta lissafa mini sauran wuraren da yake ɓuya: kanwa, dunƙule, farin cukun nan jibna da muke ci da safe, kayan tsami na kwalba, har yajin agashe. Ta ce gutsuren fasik ɗin da nake sakawa shi kaɗai ya wuce abin da aka yarje wa Iya na yini guda. Ta ce ƙwayoyin ba za a daina su ba ko da jini ya sauka, sai in ita ta ce a rage, kuma kada in sayo gishirin nan na kantin magani da ake cewa na masu hawan jini ne ba tare da na tambaye ta ba, domin mai ƙoda irin ta Iya ba kowanne yake ɗauka ba. Sannan ta juya ga Iya ta yi mata magana a hankali, tana kiranta Hajja. Ta ce ƙodar ba ta lalace ba tukuna, har yanzu ana iya riƙe ta, amma in aka ci gaba a haka ƙarshenta wankin ƙoda ne a birni, sau biyu a mako. Haka muka hau mota muka dawo, Iya tana kallon gonaki ta taga, ni ina kallon hannuna.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu aka fara. Kanwa ta yarda a bari. Dunƙule ta ce dama can ita ba da shi ta tashi ba. Jibna ko a jikinta. Amma da na je ɗauko gwangwanin kifi daga madafa sai na tarar babu shi. Ta riga ni. Ta kai shi ɗakinta ta tura ƙarƙashin gado. Kowace rana bayan sallar azahar sai ta jawo shi, ta ciri ɗan gutsure, ta yanka albasa, ta ci da ragowar kisra, ita da ta ce ba ta cin abinci ita kaɗai. Ba ma ɓoyewa take yi ba, wa zai ɓoye warin fasik? Na yi magana, ta ce ɗan kaɗan ne. Salihu ya yi magana, ta ce shi da kwalin ashanarsa ya rufe mata baki. Na kawo mata maganar likita, ta ce Dakta Sara yarinyar kirki ce, Allah Ya yi mata albarka, amma ba ta haihu ba tukuna. Ban gane abin da ya haɗa haihuwa da kifi ba a lokacin, sai na ɗauka rigimar tsufa ce.

Ka san ni da zuciya. Ranar wata Talata tana alwala na shiga na sungumi gwangwanin na kai gidan Gwaggo Kulu, na ce ta raba wa wanda ta ga dama. Na dawo na shirya wa faɗa, na tanadi amsoshina. Iya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta miƙe, ta zauna a bakin gadon ta haɗa hannuwa a cinya. Kwana biyu ba ta ce mini komai ba ban da amsa gaisuwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, na kawo mata ƙwayoyinta da safe ta kawar da kai, ita da ba ta taɓa fashi ba a shekara tara. A rana ta uku da hantsi ta kira ni ta ce in zo in tsefe mata kai. Na zauna a bayanta ina tsifa, ba ta ganin fuskata ba na ganin tata, a nan ta yi maganar.

Ta tambaye ni ko na taɓa duba wutsiyar kifin da kake aikowa. Na ce a'a. Ta ce kowane guda akwai ɗan tsagi biyu a wutsiyarsa, alamar da Baba ya koya maka tun kana ɗan shekara goma don kada kifinku ya cakuɗe da na wasu a kan tabarma, kuma har yau ba ka daina ba. Ta ce duk ranar da Mahadi ya kawo gwangwani, kafin kowa ya taɓa sai ta sa hannu ta lalubo wutsiya da babban yatsa. Idan ta ji tsagin, ta san kana raye, hannuwanka biyu suna aiki, kai da kanka ka zauna ka yanka ka gyara, kuma a lokacin da kake dannawa a gwangwani ka tuna kana da uwa. Ta ce waya ba ta gaya mata komai, domin ko a gadon asibiti kake lafiya lau za ka ce. Ta ce shekara shida ba ta ga fuskarka ba, ba ta ji warin jikinka ba, ba ta ɗauki 'yarka ba, abin da ya rage mata na ɗanta na fari shi ne abin da hannunsa ya taɓa, shi ma na ɗauke na kai gidan Kulu a raba wa mutane. Ta ce in haka ne ƙodar me za ta yi mata. Yaya, na kasa ci gaba da tsifar. Na kifa kaina a bayanta na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba, ita ce ma ta koma tana ba ni haƙuri.

Da la'asar na je na karɓo gwangwanin, Allah Ya sa Gwaggo Kulu ba ta buɗe ba, ta ce dama ta san zan dawo. Na ajiye a gaban Iya, Salihu yana tsaye a bakin ƙofa. Na ce mata ga shi, ba zan sake ɗauka ba, amma ta sani duk gutsuren da ta ci ni ce zan kwana da shi a rai. Can sai ta ce a miƙo mata ƙwayoyinta, ta sha. Ta ciro tsohon ɗankwalinta mai ruwan ƙasa ta naɗe gwangwanin, ta ƙulle bakin ƙulli uku, ta mayar ƙarƙashin gado. Ta ce kalas, shi ke nan, ta ji, ba za ta buɗe ba, za ta ci miyarmu ta marasa lafiya ta kuma sha magani. Amma da sharaɗi. Ta ce za ta jira har a yanke alkamar Salihu. Idan ka zo kafin nan, ka zauna a gabanta ka ce mata da bakinka ta bar kifin, za ta ba da shi sadaka ba za ta ƙara tambaya ba. Idan aka yanke alkama ba ka zo ba, za ta kwance ɗankwalinta, kada wanda ya sake yi mata maganar likita. Ka san Iya, ba ta yin magana biyu.

Yau kwana ashirin da huɗu ke nan ba ta taɓa shi ba. Ni kuma na koma koyon girki da girmana. Ina soya albasa har ta yi ja sosai, in daka tafarnuwa da citta, in zuba busasshen tumatir da niƙaƙƙiyar gyaɗa, in matse lemun tsami a ƙarshe, gishiri kuwa ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka ga tukunyar gida guda. Ranar kasuwa Bilyamin yana sayo ɗanyen kifi a bakin kogi in gasa mata da barkono. Makon farko da ƙyar take haɗiya. Likita ta ce harshe yana sabawa in an yi haƙuri 'yan makonni, kuma haka aka yi. Shekaranjiya aka kawo abincin suna daga maƙwabta, Salihu da kansa ya ɗanɗana ya ce gishirinsu ya yi yawa, muka dube shi muka fashe da dariya. Ranar Lahadi muka koma awo. Ƙwayoyin nan dai su ne, ba a canja ko ɗaya ba, amma jinin ya sauko ɗari da arba'in da biyar. Ƙafarta ta saɓe, silifa yana shiga. Dakta Sara ta yi murna ƙwarai, ta ce in ya ci gaba da sauka wataƙila ta janye ƙwaya ta biyu, ta ce in Iya ta fara jin jiri idan ta miƙe mu dawo da wuri a duba. Iya ta saurare ta tsaf, da muka fito sai ta tambaye ni kwana nawa ake yi a hanya daga Rusairis, na ce mata yini ɗaya ne.

To ga abin da nake roƙonka, Yaya. Kada ka ƙara aiko da fasik, ko gwangwani ɗaya. Idan ka riga ka danna wani, ka sayar ko ka bayar. Amma kuma kada ka yanke saƙon haka kawai ka yi shiru, domin in Mahadi ya wuce bai tsaya ba, Iya za ta fassara shi yadda ni da kai ba za mu so ba. Abin da ya rage guda ɗaya ne, ka zo. Na san abin da ya riƙe ka. Na san maganar da ta shiga tsakaninka da Salihu a kan hawasha ranar sadakar Baba, ina tsaye a wurin, na ji abin da ya faɗa maka, bai kyauta ba. Shi ma ya sani. Da na ce masa zan rubuta maka, ya sunkuyar da kai ya ce in gaya maka yaro ne shi a lokacin, kuma in ka zo shi zai je titi ya ɗauko maka jaka. Na kuma san kana jin nauyin shigowa gari bayan shekara shida ba tare da abin kirki a hannu ba. Babu mai duban hannunka. Ka zo da rigar da ke jikinka, ka riƙo Hanaa in uwarta ta yarda. Kifin tafki ba zai ƙare a mako guda ba. Kuma tunda kai ma ka haura arba'in da biyar, kullum cikin gishiri kake, in ka zo zan ja ka wurin Dakta Sara ta auna ka, ko kana so ko ba ka so.

Ka gaishe mini da Sabah da kyau, ka ce na gode da turaren da ta aiko wa Samira, ɗakin mai jego har yanzu yana ƙamshi. Ka shafa mini kan Ayman da Hanaa, ka ce gwaggonsu tana son ganinsu. Bilyamin yana gaishe ka, Samira tana gaishe ka, Gwaggo Kulu ta ce in gaya maka ta tsufa ba za ta jira ka har abada ba. Salihu ya ce a gaishe da Yaya, da bakinsa ya faɗi haka. Na tambayi Iya ko tana da saƙo, ta ce in ce maka tana lafiya, tana sa maka albarka, kada in tayar maka da hankali. Na isar da nata, sauran duk nawa ne, in da laifi a kaina yake.

Yanzu kowace yamma sai ta sa a fitar mata da kujera ƙofar gida, duk wanda ya dawo daga gona ta tambaye shi yaya alkama. Salihu kullum ce mata yake koriya shar take, da sauran lokaci. Jiya na bi shi hawasha na gani da idona. Ta ɓangaren tur'a zangarniya ta fara ja. Na tambaye shi gaskiya, ya ce mako huɗu, in ya ja ƙafa ya ƙi kiran injin yanka zai iya ƙara mako ɗaya, bayan nan za ta fara zuba ƙasa. Ya ce zai ƙara ɗin, ko da zai yi asarar buhu nawa ne. Iyakar abin da muke iyawa ke nan daga nan, Yaya, sauran yana wurinka.

Allah Ya kawo mana kai lafiya, Ya sa ka same ta zaune a ƙofar gida. Wassalam.

Ƙanwarka mai kewarka,
Muhsina.